Dogon Harsashi a Libarbar Illo

Raliatou ba ta taɓa riƙe bindiga ba sai da ta zo Lyon. Ƴar Damagaram ce, ta yi karatun gyaran gaɓoɓi, aikin da ake ce wa kine a can, kuma tana aiki a wani ɗan asibiti a Vénissieux. Wuni take tana murza kafaɗun masu ɗaukar kaya a sito da gwiwoyin tsofaffin unguwar Minguettes. Abokiyar aikinta Inès ce ta ja ta zuwa wani kulob na harbi a bayan gari wata Asabar, ta ce ta zo ta yi kallo kawai. Ta je kallo, ta dawo ta zama ƴar kulob.

Natsuwar wurin ce ta kama ta. Mutum ya sa abin toshe kunne, ya tsaya, ya ja numfashi, babu maras lafiya, babu waya, daga shi sai baƙin ɗigon da ke tsakiyar takarda can nesa. Bindigarta mai cin harsashin 22 ce, mafi ƙanƙanta a wurin. In ta tashi, shurinta bai wuce a ɗan taɓa mutum da yatsa ba. Ta taɓa gwada mai 9 milimita, ta ji yadda hancin bindigar ya ɗaga sama, ƙarar ta shiga mata har haƙori, sai ta ajiye. Monsieur Berthet, shugaban kulob ɗin, tsoho maras yawan magana, ya ce mata babu gaggawa, kada ta bari kowa ya tura ta, tunda da hannun nan take ci. Ba a jima ba ta shiga cikin gwanayen wurin, har aka sa sunanta cikin masu zuwa gasar yanki.

Illo ɗan kawunta ne, ɗan Alhaji Salisu mai kantin atamfa a unguwar Château Rouge ta Paris. A gidansu ta sauka lokacin da ta fara zuwa Faransa. Taubashinta ne, saboda haka tun suna yara ba su haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba. Yana gadi a wani babban kanti a Paris, yana kuma neman izinin zama mai gadi da makami. Shi ma yana harbi a wani kulob can, amma shi manyan harsasai yake so, masu ƙara da wuta.

Da ya zo Lyon wani ƙarshen mako, ya zo da bindigarsa cikin akwatinta a kulle, ya ce sai ta kai shi wurinsu. Da suka isa kulob ɗin, ya kalli tata ya fashe da dariya.

"Ralia, wannan ai ta harbin ƙadangare ce. Da wannan za ki gasa?"

"Je ka ga takardata, ka ga taka, sannan ka yi magana."

Suka yi harbi, ya ga takardar. Duk ramukan sun taru wuri ɗaya kamar an huda da allura. Na tasa kuwa sun watse ko'ina. Sai ya buɗe akwatinsa ya fito da libarba gajeriya, maras nauyi, irin mai juya ciki.

"Gwada wannan. Zan sa miki harsashin 38, mai laushi. Bai fi naki da komi ba, wallahi. Ko tsoro kike?"

Ta san 38 ɗin gasa ba shi da zafi sosai, ta sha gani ana harba shi. Ta ce to. Ta tafi rataya sabuwar takarda, kafin ta dawo ya riga ya cika bindigar ya ajiye a kan tebur, hancinta na kallon gaba. Ya ɗaga wayarsa ya ce zai ɗauke ta, a aika wa mutanen gida.

Na farko ya tashi, bindigar ta ɗan tura tafin hannunta, ba laifi. Na biyu ma haka. Ta saki jiki, ta sassauta riƙo kamar yadda ta saba da tata. Ta ja kunama karo na uku.

Ji ta yi kamar an maka mata ƙarfe a hannu. Wuta ta fito daga bakin bindigar, hannunta ya yi sama da gefe, babban yatsanta ya lanƙwashe baya. Kafin ta san abin da ake ciki yatsanta ya sake matse kunamar, wani harsashin ya tashi. Ya daki ƙarfen rufi a saman layin da Inès ke tsaye, ɓarɓashi ya zubo mata a ka da kafaɗa. Inès ta yi ƙara ta durƙusa.

Kowa ya daina harbi. Illo ya karɓe bindigar daga hannunta, ya buɗe ta, ya zazzage kwansunan a tafinsa ya zuba aljihu. Monsieur Berthet ya fito daga ofishinsa da sauri, ya duba Inès, ya ga ba ta ji ciwo ba, ya ɗaga kai ya ga ramin da ke rufin. Fuskarsa ta yi ja.

"Wa ya harba?"

"Ni ce," in ji Raliatou. 

"Wane harsashi?"

Illo ya nuna masa kwalin 38 da ke kan tebur.

Raliatou ta ce na ukun daban yake, ba irin na farko ba ne. Illo ya girgiza kai ya ce da Faransanci, yadda kowa zai ji, "Kin saki hannu ne, Ralia. Haka take yi in ba a riƙe ta ba. Ba ki saba ba."

Monsieur Berthet ya ce an dakatar da ita har kwamiti ya zauna, kuma ta manta da zancen gasa. Ba ta yi musu ba. Ta kusa kashe ƙawarta, me za ta ce?

A asibiti suka ce jijiyar gindin babban yatsan ta yage. Suka ɗaure hannun, suka ce ba aiki sai ya haɗe, kuma ko ya haɗe ba lalle ƙarfin ya dawo duka ba. Ita da ke gaya wa mutane irin wannan magana kullum, ta san abin da ake nufi. Illo ya kai ta gida a mota, yana ta cewa sannu, Allah ya kiyaye gaba, ya kama hanyar Paris.

Ta zauna a ɗaki tana cin kanta. Ta kasa ɗaura ɗankwali da kyau, ta kasa buɗe kwalba, alwala ma da dabara. Inès ta zo da abinci daga Vaulx-en-Velin, tana cewa ya wuce, ba komi, amma Raliatou ta kasa kallon idonta. Duk lokacin da ta rufe ido sai ta ga ɓarɓashin nan na zuba.

Ana cikin haka wata safiya Mardiya, ƙanwar Illo, ta kira ta. Gaisuwar ma a gajarce ta yi.

"Anti Ralia, kin ga bidiyon?"

"Wane bidiyo?"

"Ba ki gani ba ke nan. Illo ya aika wa abokansa, su kuma suka watsa. Jiya a wurin kitso na ga mata suna kallo suna dariya. Zan turo miki, amma don Allah kada ki ce ni ce."

Bidiyon bai fara da harbin ba. Da fuskar Illo ya fara, yana murmushi, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ɗaga harsashi biyu gaban wayar, ɗaya gajere, ɗaya ya ɗan fi shi tsawo. "Wannan 38," ya ce. "Wannan kuma 357 Magnum, mai cikakken albarushi. Bindiga ɗaya ke cin su duka. Gwanar Lyon za ta gaisa da babban yaya." Ya zura dogon a rami na uku, ya kashe ido ɗaya. A bayansa ana hango ta tana rataya takarda. Sannan harbin, da tsallen hannunta, da ƙarar Inès. Wani ya ƙara masa kiɗa da fuskokin dariya, ya maimaita wurin da hannunta ya yi sama a hankali.

Ta kalla har ƙarshe. Ta sake kallo. Sai ta ji jikinta ya ɗauki zafi tun daga wuya har tafin ƙafa. Ta tuna yadda ya zuba kwansunan a aljihu. Ta tuna yadda ya ce ba ki saba ba, gaban mutane, da Faransanci. Ta tuna sannun da yake ta yi mata a mota. Kofin shayin da ke gabanta ta ɗauka da hagu ta maka da bango.

Ba ta kira shi ba. Ta sa abaya, ta hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa tashar Part-Dieu, ta shiga jirgin Paris na farko da ta samu. Duk hanya ba ta ci komi ba, ba ta kalli taga ba. Wata mata da ke kusa da ita ta tambaye ta me ya sami hannun, ta ce aikin ɗan'uwanta ne.

Château Rouge cike yake kamar kullum, masu masara, masu kifi, masu kiran mata zuwa kitso. Ta ratsa su ba ta amsa wa kowa ba. A kantin ta tarar da Alhaji Salisu zaune bayan tebur, atamfofi jere har rufi, Illo kuma na jingine yana cin gyaɗa, don ranar ba shi da aiki. Ta durƙusa ta gaida kawunta yadda ya kamata, ya tambayi hannu, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyin Lyon. Ta amsa duka. Sannan ta miƙe ta ajiye wayar a kan atamfar da ke gabansa ta kunna.

Alhaji ya sa tabarau ya kalla. Illo ya daina tauna.

"Ke wa ya ba ki wannan?" ya ce.

"Abin da za ka tambaya ke nan?"

"Ralia, wasa ne. Ban san zai kai haka ba, wallahi. Kowa na yin sa. Ni ma haka aka yi mini ranar farko."

"Wasa." Ta ɗaga hannun da ke ɗaure har kusa da fuskarsa. "Ka san mi ake yi da wannan yatsa? Da shi nake danna bayan mutum. Da shi nake cin abinci a ƙasar nan. Ka san bindiga maras nauyi ta fi kowace shuri, ka zaɓi ita. Ka ga na sassauta hannu, ka tsaya kana ɗauka. Da harsashin nan ya sauko kamu ɗaya, yau Inès na kabari ni ina kaso. Kai kuma kana nan kana cin gyaɗa!"

"To ai bai sauko ba."

"Bai sauko ba! Ka ji shi, Kawu? Bai sauko ba!"

Wasu mata biyu da ke zaɓen leshi suka ajiye suka fita a hankali. Alhaji ya ce ta rage murya, nan kasuwa ce.

"A kasuwar aka yi mini dariya, Kawu. A wurin kitso, a wurin mahauta, ko'ina an gani. Ni kaɗai ce ban sani ba. Ina can ina kuka ina cewa na kusa kashe mutum da sakacina."

Ta juya ga Illo. "Harbin ma zan iya cewa wauta ce. Amma da tsohon nan ya tambaya, ka nuna masa kwalin ƙarya. Ka ɓoye kwanso. Ka bari aka kore ni ina tsaye kusa da kai. Wannan ma wasan ne?"

Illo ya kalli ƙasa. "Da na faɗa, da sun karɓe mini izini. Kin san ina neman katin aiki da makami. Shekara nawa ina jira."

"Sai ka ba da ni."

Alhaji Salisu ya cire tabarau ya goge fuska. Ya zagi ɗansa, ya ce masa sakarai, maras hankali, ya ce ya ba ƴar'uwarsa haƙuri yanzun nan. Illo ya ce ta yi haƙuri, idonsa na kan ƙofa. Sannan Alhaji ya sassauta murya.

"Raliatou, ɗiyata, zauna. Abin da ya yi bai kyauta ba, ni zan hukunta shi. Amma taubashinki ne, wasa ne ya wuce gona. Maganar nan ta tsaya a kantin nan. In kika kai wa Nasaran nan, sun rufe masa hanya har abada. Suna irin namu, da bindiga, da bidiyo, kin san yadda za su karanta shi. Ke kuma wannan harbin ai ba aikinki ba ne, sha'awa ce. Ki bar musu abinsu. Dama ni ban taɓa son ki da shi ba."

Ta tsaya tana kallonsa. Wannan mutumin ne ya tarbe ta a filin jirgi da rigar sanyi a hannu. Shi ya raka ta neman takardun zama, ya tsaya a layi cikin ruwan sama. Ta so a ce wani ne ya faɗi maganar nan, ba shi ba.

"Kawu, wato in ci gaba da zama wadda ta harbi rufi."

"Na ce ki yi haƙuri."

"Kuma a ba shi bindiga ya tsaya ƙofar kanti, cikin mutane da yaransu."

"Raliatou!"

"Ban zo neman izini ba, Kawu. Na zo ne ku ji daga bakina kafin ku ji daga wani wuri. Shi nake ba dama: ya kira Monsieur Berthet yanzu, gabana, ya faɗa da bakinsa. In ya yi, ba zan nuna wa kowa bidiyon ba."

Ta miƙa wa Illo wayar. Ya kalle ta, ya kalli ubansa. Bai karɓa ba.

"Ki yi abin da za ki yi," ya ce. "Amma ki sani kin gama da gidan nan."

Alhaji bai ce masa ya yi shiru ba. Wannan ta lura da shi. Ta ɗauki jakarta, ta ce Kawu sai an jima, ta fita. Ta sauka cikin metro ta kama hanyar komawa Lyon.

Washegari ta je kulob. Monsieur Berthet ya kalli bidiyon a tsaye har ya ƙare. Sannan ya faɗi wata kalma da ba ta taɓa jin ta a bakinsa ba, ya buga tebur. Ya ce shekarunsa a wurin nan ya ga hannaye da yawa da irin wannan wasa ya lalata, kuma kullum mai yin sa cewa yake kowa na yi. Ya ce dole ya sanar da kulob ɗin Illo da hukumar da ke ba da izini, ba shi da zaɓi. Ta ce ta sani.

"Amma ke ma akwai naki," ya ce. "Kin ɗauki bindigar da wani ya cika, ba ki buɗe kin duba ba. Ranar farko na gaya miki ba a yin haka, ko da ubanki ne ya cika."

Ranta ya sake ɓaci. Ta buɗe baki za ta ce ɗan'uwanta ne, tare suka tashi, sai ta ga amsar ba ta da amfani. Ta ce haka ne.

Kwamiti ya zauna, ya janye dakatarwar, ya ce ta sake zaman koyon ƙa'idojin tsaro kafin ta koma layi. Gasar kuwa ta wuce ba da ita ba. Illo aka karɓe masa izinin riƙe bindiga, maganar katin aikin ma ta mutu.

Daga nan waya ta fara. Innarta ta kira daga Damagaram tana kuka, ta ce yayanta ya ce ɗiyarta ta kai ɗansa ga hukuma, me za ta ce wa dangi? Raliatou ta tura mata bidiyon. Innar ta kalla, ta sake kira, ta ce Illo bai da kirki, amma duk da haka da an bari a gida. Wata gwaggo daga Maradi ta aiko da saƙon murya mai tsawo a kan zumunci, ba ta ko tambayi hannun ba. Wani ɗan kasuwa da ba ta ma san shi sosai ba ya ce mace da bindiga dama ƙarshenta ke nan. Ta amsa wa na farko da na biyu da zafi, daga baya ta daina ɗauka. Alhaji Salisu bai kira ba, ita ma ba ta kira ba.

Da aka kwance hannun, yatsan ya rame, ya ƙi lanƙwasa. Inès ce ta riƙa yi mata gashi da motsa shi a lokacin hutun rana, tana matsawa har hawaye ya fito mata. Ta koma aiki, amma masu manyan kafaɗu sai ta bar wa wasu, ita ta ɗauki tsofaffi da yara. Wani mai ɗaukar kaya da ya saba da hannunta ya tambaya me ya sa ba ta danna masa kamar da, ta ce ya je wurin Inès, ta shiga banɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Da Sallah ta zo, karo na farko tun zuwanta Faransa ba ta je Paris ba. A gidan su Inès ta yi ta. Da rana aka buga ƙofa, sai ga Mardiya, wadda Raliatou ta yi wa kwatancen gidan a waya, da ƴar jaka da kwanon dambun nama. Ta ce ta gaya wa Alhaji za ta wurin ƙawarta a Lille. Ta ce gidan ba daɗi, Illo ba ya magana da kowa, kuma ya gane ita ta tura bidiyon.

"Ya ce in gaya miki wani abu in na gan ki," in ji Mardiya. "Ya ce in har ya ɓata miki rai, ki yafe."

"In har?"

"Haka ya ce."

Raliatou ta ajiye cokali. Ta ji zafin nan ya taso mata kamar ranar farko, bai ragu da komi ba.

"Ki ce masa ban yafe ba tukuna. Ranar da ya iya faɗin abin da ya yi da sunansa, ya kira ni, ya kira Inès. Ita ma yana da magana da ita."

Mardiya ta gyaɗa kai. Mahaifiyar Inès ta leƙo daga kicin ta ce abinci na hucewa, su matso. Raliatou ta jawo wa Mardiya kujera kusa da ita, ta zuba mata da hannun hagu.